Tsohuwar rifitar kamfani za ta yi wa 'yan rediyon sha'awa aiki?

"Assalamu alaikum Malam. Mu ƙaramar ƙungiya ce ta masu rediyon sha'awa, kowannenmu da lasisinsa. An yi mana tallar wata rifita da wani kamfanin masu gadi ya ajiye bayan ya koma dijital. A jikinta an rubuta 150 zuwa 174 MHz, wat 100, kuma za a haɗa mana da ƙaramar dufleksa mai faɗin littafi. Mai sayarwa ya ce saiti kawai za a canza ta hau zangonmu na 145. Kuɗin bai kai kwatan na sabuwa ba. Mu saya, ko akwai abin da ba mu hango ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambayoyi biyu ka dunƙule wuri guda. Ta farko, shin wannan akwatin zai yarda ya sauko daga inda aka ƙera shi ya yi aiki a 145? Ta biyu, in ma ya sauko, abin da aka haɗa muku da shi, wato dufleksar da ke sa rifita ta ji ta kuma watsa da eriya ɗaya, ya isa ya zama tasha? Ta farkon amsarta "wataƙila", kuma lambar samfurin da ke bayan akwatin ce za ta raba gardama. Ta biyun kuwa a'a ce, babu kwana-kwana, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin nan ne kuɗin ƙungiyoyi ke salwanta.

Ga wanda bai saba ba, rifita na'ura ce da ake ɗorawa a wuri mai tsayi, tana sauraro a mita ɗaya, wato lambar tashar da ake aunawa da MHz, tana maimaita abin da ta ji a wata mitar a lokaci guda. Da haka ƙananan rediyoyin hannu biyu da ba sa jin juna sai su yi hira ta cikinta. Kunne da baki ke nan a jiki ɗaya, suna aiki tare ba ɗaya ya jira ɗaya ba. Riƙe wannan, don duk wahalar rifita daga nan take.

Me ya sa suka cika gwanjo?

Ba lalacewa ce ta fitar da yawancinsu daga aiki ba, doka ce da sauyin fasaha. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC ta tilasta wa masu rediyon kasuwanci da na hukumomi a zangon VHF da UHF, wato manyan zangunan mitocin rediyo biyu da UHF ke sama da VHF, su rage faɗin tasharsu daga 25 kHz zuwa 12.5 kHz kafin 1 ga Janairun 2013. Duk na'urar da ba ta iya matsewa haka ba sai aka sauke ta da ranta da lafiyarta. Bayan haka kamfanoni da hukumomi a ƙasashe da dama suka riƙa komawa tsarin dijital irin DMR da P25 da TETRA, wani tulin ya sake fitowa. Shi ya sa za ka ga GE MASTR II da Motorola Micor na shekarun 1970, da MSR2000 da MSF5000 da suka biyo baya, har zuwa MTR2000 da Quantar, da Kenwood TKR-750 da Tait T800, suna yawo hannu zuwa hannu.

Kuma gaskiya kayan kirki ne. An ƙera su don 'yan kwana-kwana da motocin asibiti, don su zauna a kan dutse shekara da shekaru babu mai leƙa su. An rufe ɓangaren karɓa da na watsawa kowanne a gidansa na ƙarfe, matatan da ke bakin kunnen suna da kaifi, ƙarfen da ke shan zafin amfilifaya kuwa sai ka sa hannu biyu ka ɗaga. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai ka san wace zumar ka ɗauko.

Rubutun da ke jikin akwatin

Zangon masu sha'awa a VHF shi ne 144 zuwa 146 MHz a Afirka da Turai, 144 zuwa 148 a nahiyoyin Amurka. Taku ta fara daga 150. Tazarar 5 MHz a ido ba wani abu ba ce, amma masu ƙera waɗannan na'urori suna raba VHF gida-gida, kowane gida da nasa naɗin waya da kafasitoci. Quantar ta VHF, misali, tana da ta 132 zuwa 154 da ta 150 zuwa 174. Ta farkon tana hawa zangonmu kamar don mu aka yi ta, ta biyun kuwa sai da dabara. A waje kamarsu ɗaya, lamba ce kawai ta raba su.

Wurare uku ne abin ke cijewa. Akwai da'irar da ke haifar da mitar, wadda ake kira VCO. In ka tura ta ƙasa da iyakarta, ko dai ta ƙi kamawa gaba ɗaya, ko kuma, wanda ya fi ban haushi, ta kama a kan teburin gyara da rana, ta saki da asuba in sanyi ya sauko. Akwai matatan bakin kunne, masu sukurori da ake juyawa. Wasu za ka juya su sauko har 145 lafiya, wasu sukurun zai ƙure bai kai ba, sai rifitar ta zama tana ji amma sama-sama. Na ukun shi ne amfilifaya. Ita ce mai haɗari, domin in aka sa ta aiki a wajen gidanta takan yi zafi fiye da ƙima, wani lokaci ta riƙa fesa siginar banza a mitocin da ba nata ba. Zangon jiragen sama, 118 zuwa 137 MHz, yana nan ƙasa da mu kaɗan. Ba wurin da mai lasisi zai so a tsinci muryarsa ba ne.

Na taɓa cin wannan tuwon... a'a, bari in faɗa yadda yake: na taɓa sayen irin wannan saboda arha, na ce ai sauya 'yan kafasitoci ne. Na sauya, ta hau, na yi murna. Wata uku ina hawa ina sauka kafin in yarda cewa kunnenta bai kai na rediyon da ke aljihuna ba. Daga ƙarshe sai da na nemo allon karɓa na ƙaramin gida na sa mata, kuma kuɗin allon da na aikowa ya cinye duk rangwamen da na yi taƙama da shi. Ana iya juyar da su, mutane da yawa sun yi, amma aiki ne na mai littafin gyara da na'urar awo, ba na mai ƙarfin hali ba.

"Saiti kawai za a canza"

Wannan maganar ta mai sayarwa, ka tambaye shi da me za a canza. Tsofaffin irin MASTR II da Micor ba su san kwamfuta ba. Kowace mita da kiristal ɗinta, wanda ake yankawa takamaimai a sa shi cikin ɗan gidansa mai gyara masa sauyin zafi da sanyi. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke yanka su, International Crystal Manufacturing na Amurka, ya rufe a 2017, don haka yanzu sai an nema, an jira. Waɗanda suka biyo bayansu suna karɓar saiti ta kwamfuta, sai dai manhajar wasunsu ta zamanin DOS ce, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, tana son tsohuwar kwamfuta mai tafiyar hawainiya da ainihin kafar siriyal, kuma Motorola da dama sai an sa wani ɗan akwati da ake kira RIB tsakanin kwamfutar da rediyon. In ka yi ƙoƙarin rubuta saiti da sabuwar kwamfuta ta yanke a tsakiya, kana iya mayar da na'urar dutse. Ga kuma waɗanda kamfanin da ya yi amfani da su ya kulle da kalmar sirri, wanda ya san ta ya bar aiki tun tuni.

Ƙa'idata a nan ɗaya ce: ba na biya sai na ga an karanta saitin na'urar a gabana an adana shi. In ana iya karantawa, yawanci ana iya rubutawa. Ka duba kuma ko tana yin faɗi da matsi duka, wato 25 da 12.5 kHz, saboda tsarin rifitocin masu sha'awa ya bambanta daga yanki zuwa yanki. In rifita tana faɗi rediyoyinku suna matsi, muryoyi za su fito can ƙasa-ƙasa. In aka juya, sai su riƙa fashewa.

Dufleksa, inda maganar take

Yanzu mu koma kan kunne da baki. Wat 100 a ma'aunin masu rediyo 50 dBm ne. Siginar mutumin da ke can nesa da rediyon hannu tana isowa da kamar 0.35 na maikurovolt, wato wajen 116 dBm ƙasa da sifili. Tsakaninsu fiye da 160 dB. Kwatanta mutum yana busa kakaki da iya ƙarfinsa, kuma a lokacin ake so ya ji raɗar wani daga ƙarshen fili. Kuma da eriya ɗaya ake yin duka biyun. Dufleksa ita ce katangar da ke hana bakin kurmantar da kunnen.

Kaurin katangar ya danganta da tazarar mitocin biyu. A zangonmu na VHF tazarar 600 kHz ce kacal, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na mitar ba. Kamfanonin kasuwanci kuwa sukan sami tazarar megahaz da dama. Waccan ƙaramar dufleksar mai faɗin littafi an yi ta ne don tazarar kamar 5 MHz. Duk yadda ka juya sukurorinta ba za ta raba 600 kHz ba. Ba lalacewa ta yi ba, ba aikinta ba ne. A UHF, inda tazarar ke kai 5 MHz a Amurka ko 7.6 MHz a wasu ƙasashen Turai, irinta tana iya yin aiki da ƙaramin ƙarfi a wurin da babu cunkoson eriyoyi. A 145 kuwa sai dai ta zama abin danne takarda.

Abin da kuke buƙata shi ne babbar dufleksa mai manyan gwangwanayen ƙarfe huɗu zuwa shida, kowanne tsayinsa ya haura rabin mita, waɗanda za su ba da rabuwar 80 zuwa 90 dB. Su ma ana samunsu a gwanjo, amma da irin tarkon da na faɗa a sama. A cikin kowane gwangwani akwai sanda mai tsayin kwatan tsawon igiyar rediyon. A 160 MHz kamar santimita 47 ke nan, a 145 kuwa kusan 52. In sandar ba ta da sauran tsayin da za ta miƙe, magana ta ƙare. Su kuma gajerun wayoyin da ke haɗa gwangwanayen ba don ado aka yanka su ba, tsayinsu ɓangare ne na lissafin, kuma sau da yawa sai an sake su in an sauko da mita. Kada ka yi mamaki in kuɗin gwangwanayen ya ninka na rifitar. Haka abin yake kusan ko'ina, domin akwatunan sun yi yawa, gwangwanayen da ke hawa 145 kuwa ba su da yawa kuma ba sa tsufa.

Daidaita su ma sana'a ce. 'Yar na'urar NanoVNA da ta yaɗu a hannun masu sha'awa tana da amfani ƙwarai, za ta kai ka kusa, amma rabuwar 90 dB ta fi zurfin ganinta. Ƙarshen aikin yana son cikakkiyar na'urar awon rediyo, irin IFR 1200 ko HP 8920, ko wata makamanciyarsu. Kafin ku kashe ko sisi, ku gano wa ke da ita a kusa da ku kuma zai yarda ya taɓa muku. Kada a juya sukurorin gwangwani ana watsawa da cikakken ƙarfi, tartsatsi na iya ƙona wurin haɗuwar cikin.

Gwajin kurumta ba shi da wuya. A sa wani ya aiko da sigina mai rauni, wadda ake ji da ɗan shuu a cikinta. A saurara a lasifikar rifitar bakin yana kashe, sannan a kunna bakin. In shuu ɗin ya ƙaru, ko muryar ta ɓace, bakin yana danne kunnen. Alamarsa a fili ita ce rifitar da ake jinta garau daga nesa amma ba mai iya shiga sai na kusa, ko wadda ke kamawa tana saki, kamawa tana saki.

Akwai wata kurumtar da ba daga gwangwanaye take ba, kuma ta taɓa cinye mini damina guda. Komai daidai a awo, amma da iska ta taso sai ƙaraf-ƙaraf ya cika tashar. Ashe wayar eriyar ce. Irin wadda ke da rufin siririn alminiyom mai kamar takarda a ciki da saƙar jan ƙarfe a kai, ƙarfe iri biyu suna gogar juna. A rediyon gida babu ruwanka, domin ba ka ji lokacin da kake magana. A rifita kuwa kowace 'yar gogayya tana haifar da hayaniya daidai lokacin da kunnen ke buɗe. Tun daga nan waya mai bututun jan ƙarfe zalla, irin Heliax, nake hawa da ita hasumiya, a cikin ɗaki kuma mai saƙa biyu irin RG-214 ko RG-400. Ga riba ta biyu: wayar RG-213 mai tsawon mita 40 tana shanye kusan rabin ƙarfin a VHF, hawa da sauka, alhali bututun rabin inci bai kai ya ci kwata ba. Sako-sakon noti ko tsatsa a jikin eriyar ma suna yin irin wannan ƙarar.

Wat 100 ɗin

Kada lambar ta ruɗe ku. Mai rediyon hannu wat 5 yake da shi. Rifitar da ke ihu da wat 100 za ta kai inda shi ba zai iya amsawa ba, don haka rabin ƙarfin asara ne, kuma shi ne ke ƙara wa gwangwanaye nauyi. Sauka daga wat 100 zuwa wat 50, dB uku ne kawai, da kyar mai sauraro zai lura. Tsayi ne ke sayen nisa. Lissafin da muke yi shi ne, nisan da eriya ke hange a kilomita ya kai kamar 4 sau tushen tsayinta a mita, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka tsayin: a tsayin mita 25 kilomita 20, a mita 100 kilomita 40. Babu amfilifayar da za ta ba ka wannan.

Sai dai a duba littafin kafin a rage, don wasu manyan amfilifayoyin ba sa son a sauke su ƙasa sosai, sukan rikice. A duba kuma ko an ƙera ta don watsawa babu tsayawa. Masu gadi magana suke ta daƙiƙa goma su saki. Mu kuwa, ka san halinmu, mutum uku na iya riƙe tasha awa biyu, kuma duk tsawon lokacin bakin rifitar a buɗe yake. Ƙananan rifitocin tebur da aka gina da cikin rediyon mota su ne suka fi mutuwa ta nan. In irinsu ce, a rage ƙarfi zuwa rabi a sa fanka.

Ranar da za ku je gani

Ku tafi da ma'aunin wat da lodin gwaji, wanda ake sawa a madadin eriya ya shanye ƙarfin, ku kunna ta a mitar da take kai yanzu, ku bar bakin a buɗe minti goma kuna kallon allura. In ƙarfin yana zamewa ƙasa, akwai magana. Ku buɗe murfin ku shinshina, ƙauri ba ya ɓuya. Ku duba kafasitocin da suka kumbura ko suka yi yoyo, da baƙin tabo kusa da kafar eriya, wanda yawanci sawun tsawa ne. Ku karanta abin da aka rubuta a kan na'urar ba da wutar. Ban da bambancin volt 120 da 230, wasu tsofaffin na Amurka suna da tiransifoma da aka ƙera ta dogara da wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, ba ta aiki daidai a inda wuta ke bugu 50. Sau da yawa ya fi sauƙi a cire ta, a ciyar da rifitar daga batir da caja, in samfurin yana karɓar volt 12, domin wasu manyan 24 ko 28 suke so. Wani gargaɗi ga mai son fasa abu ya ga cikinsa: farin tangaran da ke jikin tsofaffin tiransistocin amfilifaya yakan ƙunshi sinadarin beriliyom, ƙurarsa guba ce ga huhu. Ba a fasa shi, ba a goga shi.

Ku nemi takardar da ke nuna kamfanin ne ya sayar da ita da kansa. Kayan hasumiya suna da masu ɗauka da dare.

Sauran abubuwan ba su da tsada amma dole ne. Rifitar masu sha'awa tana buƙatar faɗin lambar kiranta lokaci-lokaci, a Amurka duk minti goma, da agogon da zai yanke mai dogon zance, da sautin CTCSS da ke hana hayaniya buɗe ta. Sababbin samfura suna da waɗannan a ciki. Tsofaffin sai an haɗa musu na'urar sarrafawa ta waje, kuma yau 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da manhaja irin SvxLink ko AllStarLink na yin aikin, har ta haɗa ku da wasu rifitocin ta intanet. Sannan lasisin kowannenku ba lallai ya wadatar ba. A ƙasashe da yawa tashar da ke aiki babu mutum a gabanta tana son izini na daban, kuma mitocin biyu ba zaɓar su ake yi da ka ba, ana daidaitawa da hukumar sadarwa ko ƙungiyar masu sha'awa ta ƙasa bisa tsarin IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya. Ku fara samun mitocin kafin komai, domin a kansu za a yanka kiristal, a kansu za a daidaita gwangwanaye.

Daga inda nake zaune ba zan yanke hukunci a kan wannan akwatin ba, tunda ban ga lambarsa ba, kuma "150 zuwa 174" a wani samfurin katanga ce, a wani kuwa rubutu ne kawai. In da ni ne, zan ce wa mai sayarwa ya cire ƙaramar dufleksar daga cinikin ya rage kuɗi, in nemi gwangwanaye da wurin ɗora eriya tukuna, akwatin ya zo daga baya. In kuma gwangwanayen VHF suka gagara, ku duba UHF da kyau, can gwangwanayen ƙanana ne, tazarar ta fi faɗi, kuma rediyoyin hannun da ke aljihunku galibi suna da zangon biyu. Ka ɗauko hoton farantin bayan na'urar inda lambar samfuri take, da na allon amfilifayar in za a bari ka buɗe, ka turo mu duba gidan da take.